Mindar Yaƙi: Tara Ta da Binciken Sojojin da Suka Same Ta

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, musamman a garuruwan da bariki ya daɗe, kamar su Zariya da Kaduna da Kano da Lakwaja, har zuwa zangon Kumasi da na Ankara, akan tarar da 'yan ƙarafa masu kama da kuɗin da, an ƙulle su a tsumma an jefa cikin akwati ko adaka. Tsofaffin soja suna kiran irin wannan ƙarfe minda, waɗansu kuwa su ce lamba. Sau da yawa mai ita ya rasu tun da daɗewa, 'ya'yansa sun san kaɗan daga labarinta, jikokinsa ba su san kome ba sai cewa kakansu ya yi soja. Daga nan sai ta faɗa hannun ɗan koli, ko maƙerin farfaru ya narkar da ita ya yi zobe, ko kuwa dillali ya saye ta da arha ta ƙetare teku.

A Ingila da sauran ƙasashen Turai tara mindodi ya zama fanni mai zaman kansa, da ƙungiyoyinsa da littattafansa da gidajen gwanjonsa. Ƙungiyar masu binciken mindodi ta Ingila an kafa ta tun 1942. Abin da ya sa masu tarihin ƙasar Hausa ya kamata su kula da wannan fanni shi ne, a gefen mindar Ingilishi akan buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Talakan da ya shiga soja a farkon zamanin Turawa bai bar wasiƙa ba, ba a yi masa waƙa ba, littattafan tarihin sarakuna ba su ambace shi ba. Sau da yawa wannan ɗan rubutu na gefen minda shi kaɗai ne wurin da sunansa ya saura a rubuce a ƙasarsu. Wannan takarda za ta bayyana irin mindodin da sojan Hausa suka samu, da yadda ake karanta su, da hanyar da ake bi daga ƙarfen a kai ga mutumin.

Asalin minda da sassanta

Mindodin soja kashi uku ne. Akwai ta yaƙi, wadda ake ba duk wanda ya halarci wani yaƙi ko wani hari, ko ya yi bajinta ko bai yi ba. Akwai ta jaruntaka, wadda sai an rubuta bayanin abin da mutum ya aikata, shugabanni sun yarda, sa'an nan a ba shi. Akwai kuma ta daɗewa a aiki da kyawun hali. Ta farkon ita ce ta fi yawa, ita ce kuma mai tarihi zai fi cin karo da ita.

Al'adar ba kowane soja minda iri ɗaya, daga janar har farabiti, tare da buga sunansa a gefe, ta kafu a Ingila ne da mindar yaƙin Watalu na 1815, inda aka ci Napoliyon. Tun daga nan siffar ba ta sake sosai ba. Faifai ne na azurfa ko na tagulla, faɗinsa wajen milimita 36. A fuskarsa akwai kan sarki ko sarauniyar da ke mulki, da haka kuwa ake fara sanin zamaninta: Biktoriya har 1901, Edwad na Bakwai daga 1901 zuwa 1910, Joji na Biyar daga 1910 zuwa 1936, Joji na Shida daga 1936 zuwa 1952. A bayansa akwai wani zane na dabam ga kowace minda. A sama akwai marataya wadda ƙyalle ke bi ta ciki, launin ƙyallen kuwa shi ma shaida ne, domin kowace minda da nata. Bisa ƙyallen akan gicciya wani siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan wuri ko shekara. A cikin wannan takarda za a kira shi sanda. Sojan da ya halarci hare-hare da yawa waɗanda minda ɗaya ta ƙunsa ba a sake ba shi wata mindar, sai dai a ƙara masa sanda. Saboda haka minda mai sanda uku ko huɗu tana nuna tafiye-tafiyen mutum na shekaru.

Sojan Hausa da mindodinsu na farko

A 1863 wani hafsan jirgin ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wata ƙaramar ƙungiya ta masu jin Hausa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Daga wannan ƙungiya ne rundunar sojan Nijeriya ke ƙirga asalinta. An kai waɗansunsu yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874, wanda Janar Wolseley ya shugabanta har aka shiga Kumasi cikin Fabrairu 1874. Domin wannan yaƙi aka buga mindar Asante ta farko, mai zanen faɗa a cikin kurmi a bayanta, da ƙyalle rawaya mai ratsin baƙi. Zanen nan da ƙyallen nan aka ci gaba da amfani da su ga mindar Gabas da Yammacin Afirka, wadda ta ƙunshi hare-haren 1887 zuwa 1900. Cikin sandunanta akwai mai rubutun NIGER 1897, ta yaƙin da Kamfanin Neja na Goldie ya kai wa Bida da Ilori a farkon wannan shekara.

Shi kansa Kamfanin ya buga tasa mindar, kuma ita ce ta fi bayyana yadda aka ɗauki baƙin soja a lokacin. Ta Turawa ta azurfa ce, da sunan mai ita. Ta 'yan ƙasa ta tagulla ce, lambar soja kaɗai aka buga a gefenta, babu suna. Tauraron Asante na 1896 shi ma ba a sa masa suna ba. A 1900, da Tonawa suka yi bore ƙarƙashin Yaa Asantewaa suka kewaye ganuwar Turawa a Kumasi, sai aka ɗebo soja daga Nijeriya ta Arewa ƙarƙashin Kanar Willcocks, aka kuma ba su wata mindar Asante mai kan Sarki Edwad.

Kafin wannan, a 1897, an ɗora wa Lugga aikin kafa Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma. Ita ce daga baya ta haɗiye rundunonin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta zauna har 1960. Hausa ce harshen barikin Nijeriya da na Gwalkwas shekaru da yawa, hafsoshin Turawa ma sai sun ci jarrabawarta. Amma fa a kula, kalmar "Hausa" a takardun soja na wancan zamani ba ta tabbatar da asalin mutum. Duk Musulmi ko ɗan arewa da ke jin harshen ana iya rubuta shi Bahaushe, ko da Babarbare ne, ko Banufe, ko Bazabarme, ko mutumin ƙasar Gurunsi.

Mindar da ta shafi cin ƙasar Hausa

A 1902 aka fito da mindar Aikin Soja a Afirka, ta azurfa, mai ƙyalle rawaya da baƙin gefe da siraran ratsi biyu kore. A bayanta an zana mace mai wakiltar Birtaniya tsaye kusa da zaki. Ba a ba da ita sai da sanda, sandunanta kuwa sun kai 45, na ƙarshe shi ne na Kenya a shekarun 1950. Wanda ya jera sandunanta na Nijeriya ta Arewa ya jera tarihin cin ƙasar da yaƙi.

Sandan da ya fi kowanne nauyi shi ne mai rubutun N. NIGERIA 1903. Kwanakin da ya ƙunsa sun fara daga 29 ga Janairu, ranar da rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya da baƙin soja kimanin 700 da igwa da bindigogi masu ruwa, suka ƙare a 27 ga Yuli. A tsakanin nan aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana kan hanyarsa daga Sakkwato. Aka yi karon Kwatarkwashi a ƙarshen watan, inda Waziri Ahmadu ya rasu. Aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sa'an nan aka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas har Burmi, inda aka kashe shi da ɗaruruwan mabiyansa ran 27 ga Yuli, Manjo Marsh na Turawa shi ma ya mutu a nan. Sandan N. NIGERIA 1906 kuwa na abu biyu ne: rushe Satiru cikin Maris, bayan mutanen garin sun karya sojan doki ran 14 ga Fabrairu, da kuma yaƙin Haɗeja cikin Afrilu, inda Sarki Muhammadu ya faɗi yana yaƙi.

A nan ne mai nazari zai yi hattara da zuciyarsa. Ƙarfen da Turawa suka ba da domin yabo, a wajen zuriyar waɗanda aka kashe a Burmi ko Satiru alamar musiba ce. Wanda ya rataya shi kuwa sau da yawa ɗan ƙasar nan ne, yana jin yaren mutanen da ya harba. Tarihin da aka rubuta ya faɗi dalilan Lugga, ya kuma faɗi hujjojin Sarkin Musulmi da malamansa a kan hijira, amma bai ce kome sosai ba game da ɗaruruwan mutanen da suka riƙe bindigogin: daga ina suka fito, bauta ce ta koro su ko yunwa ko kwaɗayin albashi, ina kuma suka zauna bayan an sallame su. Ba za a fara amsa waɗannan tambayoyi ba sai an san sunayensu, sunayen kuwa suna gefen mindodi da cikin rajistar da aka raba su da ita.

Yaƙin duniya na farko da na biyu

Cikin Agusta 1914 sojan Gwalkwas suka shiga Togo ta Jamus, kuma ana lissafta Alhaji Grunshi na wannan runduna a matsayin sojan Birtaniya na farko da ya yi harbi a yaƙin. Daga baya ya kai muƙamin samanja, ya sami mindodin jaruntaka biyu. Sojan Nijeriya, waɗanda aka haɗa na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1914, sun yi yaƙin Kamaru: Garwa ta faɗi cikin Yuni 1915, dutsen Mora bai sallama ba sai Fabrairu 1916. A ƙarshen 1916 aka kai birged ɗin Nijeriya Afirka ta Gabas, inda ta yi babbar hasara a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Mindodin wannan yaƙi uku ne: tauraron 1914 zuwa 1915, mai takubba biyu a gicciye da suna a bayansa, mindar yaƙi ta azurfa, da mindar nasara mai ƙyalle launin bakan gizo. Dukansu suna ɗauke da suna. Ta azurfar an buga wajen miliyan 6 da rabi, an kuma yi ta tagulla wajen 110,000 domin rundunonin lebura.

A yaƙi na biyu Nijeriya kaɗai ta ba da soja fiye da 100,000. Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu cikin Fabrairu 1941, ta ci gaba zuwa Harar a ƙasar Habasha cikin Maris. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya sa'an nan Boma. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, bataliya uku na Nijeriya kuwa suka shiga cikin dakarun Cindit na Janar Wingate a 1944. Rundunonin biyu suka haɗu wajen cin Myohaung cikin Janairu 1945. Sunayen barikoki irin su Dodan a Ikko, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, da Burma Camp a Ankara, duk daga wannan yaƙi suka samo asali.

Tsohon sojan Boma yakan rataya tauraron 1939 zuwa 1945, da tauraron Boma mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, da mindar yaƙi wadda ake samu da aikin kwana 28. In ya yi Habasha akan ƙara masa tauraron Afirka. Amma a wannan karo hukumar Ingila ba ta buga suna a kansu ba, ko da yake Ostareliya da Afirka ta Kudu sun buga wa nasu mutanen. Don haka tauraron Boma da aka raba da takardun mai shi ya zama bebe, ba mai iya cewa na wane ne. Mindodin jaruntaka da na daɗewa a aiki su kam an ci gaba da sa musu suna, shi ya sa guda ɗaya daga cikinsu takan isa ta bayyana mai dukan jerin.

Jerin mindodin mutum ɗaya yana iya ɗaukar tarihi mai ban mamaki. Samanja Chari Maigumeri ya fara soja ne wajen Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi, ya shiga rundunarsu a 1917, ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas. A yaƙi na biyu ya sami mindar jaruntaka a yaƙin Habasha, ya kuma je Boma. Ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, barikin Lakwaja kuma yana ɗauke da sunansa.

A ƙasar Nijar al'amarin dabam ne. Sojan da Faransa ta ɗiba daga Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ana sa su cikin rundunar da ake kira ta 'yan Sanagal, ko daga ina suka fito. Mindar mulkin mallaka ta Faransa, wadda aka kafa a 1893, da gicciyen yaƙi na 1915, ba a buga musu suna. Abin dogara a can shi ne ɗan littafin soja da ake ba kowane mutum, da takardar shaidar da ke tafe da mindar.

Karanta rubutun gefe

Rubutun gefe yakan zo da tsari ɗaya: lamba, muƙami a taƙaice, suna, sa'an nan runduna a taƙaice. Muƙaman su ne waɗanda Hausa ta ara ta mai da su nata, watau farabiti, las kofur, kofur, saje, samanja. Rundunar takan nuna zamani: in an rubuta ta Nijeriya ta Arewa, kafin 1914 ke nan, in an ƙara harafin sarauta a gaban sunan Rundunar Tsaron Iyaka, daga 1928 ke nan, shekarar da aka ba ta wannan laƙabi.

Wahalar tana wajen suna. Akawun ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba ko na zuriya. Yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa gari ko ƙabila, sai a sami suna irin su Audu Kano, Musa Bauci, Garba Katsina, ko Moshi, Fulani, Beriberi a matsayin suna na biyu. Garin da aka rubuta kuwa wani lokaci inda aka haifi mutum ne, wani lokaci babban birnin da ya fi kusa da ƙauyensu, wani lokaci inda aka sayar da shi, ko inda ya ga dama ya ambata. Wanda ya gudo daga ubangijinsa, ko ya tsere daga wata bataliya zai shiga wata, yana da dalilin sake suna. Bayan wannan ga rubutun Bature mai bin kunne: Muhammadu yana iya fitowa Momadu ko Mamadu ko Mahama ko Momo, Audu ya fito Awudu ko Owdu, Garba ya fito Garuba. A bataliya ɗaya ana iya samun mutum goma masu suna ɗaya.

Saboda haka lamba ta fi suna ƙarfi wajen bincike, amma ita ma ba ta tsayawa ita kaɗai. A farkon zamani kowace bataliya da jerin lambobinta, kuma an sake tsarin lambobi fiye da sau ɗaya, har mutum ɗaya yana iya ɗaukar lamba biyu a mindodinsa na shekaru dabam dabam. Ƙa'idar ita ce, kada a ce wannan shi ne wancan sai lamba da runduna da shekara sun dace gaba ɗaya, sunan kuma bai saɓa ba.

Inda ake neman labarin

Matakin farko shi ne rajistar rabon minda. Kafin a buga minda sai kowace runduna ta aika da jerin waɗanda suka cancanta, da sandunan da kowa zai samu. Waɗannan rajistoci suna Taskar Tarihi ta Ingila a Kew, kusa da Landan: na hare-haren mulkin mallaka a jerin WO 100, na yaƙin farko a WO 329, da katunan fihirisa a WO 372. An ɗauki hoton da yawa daga cikinsu ana iya dubawa ta intanet. A gefen sunan mutum akawu yakan ƙara 'yan kalmomi, kamar ya rasu, an sallame shi, ya gudu, ko an mai da mindar don ba a same shi ba. Irin waɗannan 'yan kalmomi su ne sukan ba da labari fiye da sauran shafin.

Mataki na biyu shi ne littafin yau da kullum da kowace bataliya ke rubutawa a fagen fama. Na yaƙin farko suna WO 95, na Boma suna WO 172. Ba safai suke ambaton farabiti da suna ba, amma in an san kamfanin da mutum yake, ana iya bin sawunsa rana rana. Ga mindar jaruntaka kuwa, sanarwarta tana fitowa a gazet ta Landan, bayanin abin da mutum ya yi a yaƙi na biyu kuma yana WO 373. Wasiƙun da suka shafi Rundunar Tsaron Iyaka suna cikin takardun ofishin mulkin mallaka, CO 445 da CO 820. Littafin tarihin rundunar da Haywood da Clarke suka wallafa a 1964, da na Downes a kan sojan Nijeriya a Afirka ta Gabas na 1919, suna taimakawa wajen sanin inda kowace bataliya take a kowane lokaci.

Ga wanda ya mutu a yaƙi, sai a duba rajistar Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Kwamanwel. Sunayen waɗanda suka mutu a Boma ba a san kabarinsu ba suna kan dutsen tunawa na Rangun a maƙabartar Taukkyan, mai ɗauke da suna kusan 27,000. Amma rashin suna a rajistar nan ba ya nuna mutum bai mutu a yaƙi ba. Rahoton da hukumar ta fitar da kanta a 2021 ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, watakila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a yi musu abin tunawa ko kaɗan ba. Mafi yawansu 'yan dako ne, waɗanda suka ɗauki kayan yaƙi a ka.

A gida kuwa akwai Taskar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, inda fayilolin larduna ke ɗauke da maganar ɗaukar soja, da fansho, da koke-koken mazan jiya. Akwai Gidan Arewa. Akwai gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Kumasi. Akwai kuma tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin Janairu 1939 ta riƙa ba da labarin yaƙi da na soja. Sa'an nan ga abin da babu taskar da ta ajiye, watau bakin iyali. Tsohuwar da ta san sunan da ake kiran mijinta a gida, da ƙauyen da ya fito, da sana'ar da ya kama bayan ya dawo, ita ce za ta haɗa Audu Kano na rajista da mutumin gaske. Sojan Boma da suka rage 'yan ƙalilan ne ƙwarai, 'ya'yansu ma sun tsufa.

Jabu da kulawa

Inda kuɗi ya shiga, algus yakan biyo. Akwai mindar da aka zuba sabuwa aka tsufar da ita. Akan gane ta da rashin kaifin zane, da ƙananan ramuka a fuska, da nauyin da bai cika ba. Akwai ta gaske wadda aka goge sunan gefenta aka zana wani. Gefen yakan sirance a wurin, haruffan kuma su saɓa da irin na injin da hukuma ta yi amfani da shi. Akwai kuma wadda aka ƙara wa sandan da mai ita bai samu ba don kuɗinta ya hau. Ƙusoshin da suka riƙe sandan sukan tona asiri, rajista kuwa ita ce alƙali. Mindar Kamfanin Neja ma, masu buga ta sun sake buga waɗansu daga baya domin masu tarawa, ba su kuwa da daraja ɗaya da na asali.

Wajen ajiya, babban abokin gaba shi ne yawan gogewa. Tsofaffin soja sun saba goge mindodinsu da toka ko man goge ƙarfe kafin fareti, har waɗansu fuskar sarki ta shafe, rubutun gefe ya dushe. Baƙin da azurfa ke yi da kanta ba ya cutar da ita. A ajiye ta wuri busasshe, kada a haɗa ta da roba, kada a yar da tsohon ƙyalle ko da ya yage. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne kada a raba jerin mutum ɗaya, kada kuma a raba shi da takardar sallama da hoto da littafin fansho. A wajen rabon gado akan ba wannan ɗa ɗaya, wancan ɗaya, alhali tauraron da ba shi da suna ƙimarsa ta tarihi tana tare da 'yan'uwansa ne. Hauhawar kuɗin azurfa na 1979 da 1980 ya sa an narkar da mindodin yaƙin farko masu yawan gaske, shi ya sa jeri da yawa a yau babu ta azurfar a ciki.

Abin da makarantu za su iya yi

Ba sai an sayi minda ba kafin a amfana da ita, kuma bai kamata a matsa wa iyali su rabu da abin da ubansu ya bari ba. Abin da ake bukata shi ne a rubuta. Malamin kwalejin horon malamai yana iya ba ɗalibansa aiki lokacin hutu: kowa ya nemi gidan tsohon soja a garinsu, ya nemi izini, ya ɗauki hoton fuska da baya da gefe, ya kwafe rubutun harafi harafi yadda yake ba tare da gyara ba, ya rubuta launin ƙyalle da abin da ke kan sanda, ya ɗauki hoton duk takardar da ke tare da ita, sa'an nan ya zauna ya ji abin da mutanen gidan suka sani, ya rubuta da Hausarsu. Ofisoshin ƙungiyar mazan jiya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, suna iya nuna gidajen. A bar wa iyalin kofe ɗaya, a kai ɗaya sashen jami'a.

In an tara irin waɗannan katuna daga larduna da yawa aka gwada su da rajistocin Kew, za a iya sanin garuruwan da suka fi ba da soja a kowane zamani, da yadda sunan bariki ya bambanta da na gida, da inda mazan jiya suka zauna bayan sallama. Masu nazarin harshe kuma za su sami kayan aiki a kan Hausar bariki da kalmomin da ta shigo da su, daga samanja da kofur har zuwa ita kanta kalmar minda.